Daga Kintampo zuwa arewa, wata Ghana ce dabam?

Abdul Asawase
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da nake so manya su sa mana baki. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi kan rayuwar gidaje a 2016 zuwa 2017 ya nuna talauci a Ghana gaba ɗaya kashi 23.4 ne cikin ɗari. To ku raba shi yanki-yanki ku sha mamaki. Ankara, babban birninmu, da kewayenta 2.5. Nan Ashanti 11.6. Yankin Bolga 54.8. Yankin Tamale, lokacin ba a cire masa Damongo da Nalerigu ba, 61.1. Yankin Wa 70.9. Ƙidayar 2021 kuma ta ce a Ankara da kewayenta kusan mutum 88 cikin ɗari sun iya karatu da rubutu, a yankin Sabana kuwa, ƙasar Gwanja, ba su cika 33 ba. Tuta ɗaya, sidi ɗaya, shugaba ɗaya. Laifin wa? Mu kuma 'yan Zango da aka haife mu a kudu amma kowa yana ce mana 'yan arewa, a wane layi muke?

Ɗan Magazin
Wa'alaikumus salam. Ba sai an wahalar da manya ba, Abdul. Laifin manyan arewa ne. Limann ɗan Gwollu ya yi shugaban ƙasa. Aliu Mahama ya yi mataimaki shekara takwas, Bawumia ɗan Walewale shi ma takwas. Mahama ɗan Bole ya yi mataimaki, ya yi shugaba, ga shi ya dawo. Zaɓen 2024 ma tsakanin ɗan Bole ne da ɗan Walewale. Wa kuma za a ce ya hana?

Baba Isa Yelwa
Ɗana na Magazin, sannu da ƙoƙari. Akwai gaskiya a maganarka, sai dai ka kamo labarin daga tsakiya. Bari tsoho ya ja ku baya kaɗan.

Kafin zuwan Bature arewa ba saniyar ware ba ce. Salaga ita ce babbar kasuwa. Goron Ashanti can ake kai shi, ayarin Kano da Sakkwato da Barno can suke sauka da tufafi da kanwa da dabbobi. Hanyar da ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu ke nan. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa fatake, sannan Bature ya zo ya juya akalar ciniki gaba ɗaya zuwa bakin teku. Jirgin ƙasa ya taso daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, na Ankara ya iso a 1923. A nan dogo ya tsaya. Yau shekara ɗari da ɗoriya, ko taku ɗaya bai ƙara ba ta wajen arewa.

Me Bature ya gani a arewa? Bai ga koko ba, bai ga katako ba. Ƙarti ya gani. Ta hannun sarakuna ake tara samari a turo su ramukan zinariya a Tarkwa da Prestea da Obuasi, wasu aikin hanya, wasu soja da ɗan sanda, wasu kuma da ƙafarsu suka gangaro gonakin koko. Wanda kake so ya riƙe maka diga da shebur ba za ka yi gaggawar miƙa masa alƙalami ba. Ku duba shekarun da kanku. Sakandaren Mfantsipim a Cape Coast 1876. Su fada na cocin Katolika sun sauka Navrongo a 1906, firamaren gwamnati ta farko a Tamale 1909. Makarantar Achimota a Ankara 1927. Sakandare ta farko a duk faɗin arewa, ta Tamale, sai 1951, shekara 75 bayan Mfantsipim. Jami'ar Legon 1948, ta nan Kumasi 1952, ta Cape Coast 1962. Arewa ba ta ga jami'a ba sai 1992, zamanin Rawlings.

Ɗan Magazin
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma Bature ya tattara kayansa tun 1957. Har yaushe za mu riƙa jingina masa?

Baba Isa Yelwa
Ba jingina ba ce, lissafi ne. Yaron Cape Coast da ya shiga aji a 1957, ubansa akawu ne, kakansa ya iya karanta jarida. Yaron Tumu shi ne na farko a zuriyarsu da ya taɓa fensir. Ranar da aka raba kujerun da Turawa suka bari, mai takarda aka ba, shi kuma ɗansa ya share wa hanya. Manyan arewa na lokacin sun hango haka. Shi ya sa su Dombo da Mumuni Bawumia, uban wannan Bawumian, suka kafa jam'iyyar mutanen arewa a 1954, babban kukansu kada a karɓi mulki a bar su a baya. Nkrumah ya kawo tallafin karatu na 'yan arewa, ci da kwana kyauta a makarantun kwana, kuma 'yan bokon arewa da yawa wannan tallafin ne ya yi su.

Amma kada ka ce na wanke na gida. An gama dam ɗin wutar lantarki na Akosombo a 1965, ruwan da yake juya injinan daga arewa yake gangarowa, layin wutar kuwa bai kai Tamale ba sai ƙarshen shekarun 1980. Wannan ba Bature ba ne. Mu ne.

Hajiya Mai Wake
Ni dai zabin nan nake jira su dawo daga Burkina 😂

Sule Alabar
Yauwa Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. An kafa hukumar SADA a 2010 don a ɗaga arewa. Me aka gani? Kuɗin kiwon zabi, kuɗin dashen itatuwa, duk sun bi ruwa, har ƙasa ta mayar da abin ba'a ana cewa zabin sun tashi zuwa Burkina. Su waye a kan mulki? Kowa ya sani.

Ɗan Sawaba
Sule, kada ka sa in buɗe baki. Shirinku na ƙauye ɗaya dam ɗaya fa? Kududdufai aka haƙa, rani na tsananta su ƙafe, shanu ma ba su ishe su ba balle noman rani. Dam ɗin Pwalugu da aka yi bikin fara shi a 2019, kusan dala biliyan ɗaya aka ce zai ci, je ka nuna min inda yake.

Sule Alabar
Sakandare kyauta wa ya kawo?

Ɗan Sawaba
Hanyar Fufulso zuwa Sawla wa ya yi?

Mai Zaure
Sule, Ɗan Sawaba, ya isa haka. Giwa da lema, alamun jam'iyyunku, a ajiye su a ƙofa. Wanda ya sake sako hoton jam'iyya zan fitar da shi sai gobe. A ci gaba da magana.

Ticha Hawa
Baba Isa barka da yamma, mun gode da tarihi. Ku bar ni in faɗi abin da idona ya gani, don aikin koyarwa can na fara, a wani ƙauye a ƙasar Dagwamba, kafin aure ya dawo da ni Tafo.

Rajista cike take da sunaye, amma yawan yaran da za ki gani a aji lokacin shekara ne yake yanke shi. Damina na faɗuwa maza suna gona ko bayan shanu. Lokacin kaɗanya 'yan mata tun kafin asuba suke bin iyayensu daji tsinta, sai hantsi ya ɗaga su shigo aji da raɓa a zane, kafin ki gama rubutu a allo rabinsu sun yi barci. Ba ki da zuciyar ɗaga musu bulala, don kin san ƙwarar kaɗanyar nan ita ce kuɗin sabulu da na littafin. Kaka na wucewa kuma sai ki kira suna a aji biyar ko shida, yara su amsa miki baki ɗaya: ta tafi Kumasi.

Benci bai isa ba. Ƙananan a ƙasa suke rub da ciki, littafi a gabansu, haka suke koyon rubutu. Wasu daga gida suke ɗauko kujerar tsuguno a ka. Malami ɗaya yana riƙe aji uku, ya ba waɗannan aiki ya ruga wajen waɗancan. Wanda aka turo daga kudu ba ya jin Dagbanci, yaran ba sa jin Turanci ba sa jin Tuwi, sai a wuni ana kallon juna. Ba ɗakin malamai, ba wuta, waya sai ka hau tudu. Albashi yana banki a babban gari, mutum ya tafi Alhamis sai Talata. Da ya samu wanda zai tsaya masa sai ya nemi canjin wurin aiki. Ban ga laifinsa ba ƙwarai, shi ma ɗan wani ne.

Shi ya sa idan ana musun sakandare kyauta nake yin shiru. Abu ne mai kyau, tun Satumban 2017 yara da yawa sun shiga waɗanda da ba za su shiga ba. Amma kyautar a ƙofar sakandare take jira, yaron da nake magana a kai kuwa tun aji huɗu ya faɗi. Wanda ya daure ya kai BECE, jarrabawar shiga sakandare, takarda ɗaya zai rubuta da ɗan unguwar masu kuɗi ta Ahodwo da aka biya wa makarantar kuɗi tun yana shekara uku, da malamin darasi na yamma. Kwamfutar da take raba ɗalibai makarantu maki take gani, ba ta ganin wanda ya koyi rubutu a kwance. Sai ta tura wancan babbar makaranta irin Prempeh ko Opoku Ware ko Yaa Asantewaa ya ci kyauta mai kyau, wannan ta tura shi inda ɗakin gwaje-gwaje suna ne kawai.

Abdul Asawase
Anti Hawa, amma ai an ware kashi 30 na gurbin manyan makarantun don yaran makarantun gwamnati.

Ticha Hawa
An ware, ƙanina. To makarantar gwamnati da ke tsakiyar Kumasi ita ma ta gwamnati ce. Wa kake gani zai cinye kashi 30 ɗin, ɗanta ko ɗan ƙauyen da na faɗa maka?

Sule Alabar
A faɗi gaskiya dai, mutanenmu ma ba sa son sukuu, wato boko. Makarantar allo, aure da wuri, shi ke nan. Har a nan Zango haka iyayenmu suka yi.

Malam Sani Aboabo
Malam Sule, a yi hattara da wannan maganar, don ita ce waɗanda ba sa ƙaunarmu suke so su ji daga bakinmu. E, iyayenmu sun guji boko. Amma ka tambayi dalili. Makarantun nan na mishan ne, yaro ya shiga yana Musa ya fito da wani suna. Uban da ya ƙi ba jahili ba ne, malami ne da ɗakinsa cike da littattafai. Da aka samu inda yaro zai yi boko bai rasa sallarsa ba, ai an kai. 'Yan Ahmadiyya sun buɗe sakandarensu a nan Kumasi tun 1950. A 1987 gwamnati ta kafa sashen makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi, ta fara turo malaman boko makarantunmu tana biyansu. Je ka ga yadda suka cika yau, rabinsu 'yan mata.

Sannan ka koma kan lissafin Abdul. Yankin da ya fi kowa talauci na Wa ne. Jirapa da Nandom ƙasar Katolika ce, su fada suna Jirapa tun 1929. Yankin Bolga ma Musulmi ba su ne masu rinjaye ba. In allo ne ya jawo talaucin, su me ya same su?

Ban ce ba mu da gyara ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Har yanzu akwai mai cire 'yarsa daga aji don talla, ni kaina ina faɗa da su kullum.

Ɗan Walewale
Malam, Allah ya saka da alheri, ka kawo mu inda nake so. Ni ba a Zango aka haife ni ba, girma na zo Kumasi, uwata tana can har yanzu. Ku ɗauki Nandom da Navrongo. Garuruwan nan sun yi boko, sun fitar da farfesoshi da likitoci da lauyoyi da manyan fada. To ina suke? Suna Ankara, suna Kumasi, suna Ingila da Amurka. Sai an yi rasuwa za ka ga jerin motoci a garin, kwana biyu su watse. Wato ko an ba yaron arewa ilimin, ba aikin da zai riƙe shi a gida. Zamanin da Baba ya ba da labari da diga muke gangarowa, yanzu da digiri, hanyar dai ita ce ba ta sake ba. Garin da ya yi wahalar renon mutum dabam, garin da yake cin albashinsa da hayarsa da harajinsa dabam.

Don haka ni ban yarda ilimi kaɗai ne maganin ba. An raba jami'ar arewa uku a 2019, Wa ta samu tata, Navrongo ta samu tata. Madalla. Amma wanda ya gama, washegari yana tashar mota.

Rabi Nas
Haka yake a wajenmu. Duk shekara za ka ji ana kukan an tura likitoci yankin Wa ko Bolga sun ƙi zuwa. Ba mugunta ba ce zalla. A Kumasi likita zai tashi aiki ya wuce asibitin kuɗi ya ƙara samu, matarsa tana da aiki, yaransa suna makaranta mai kyau. A can fa?

Ticha Hawa
To bari in yi tambaya. Masu digirin zauren nan, wa aka tura hidimar ƙasa arewa ya je?

Abdul Asawase
Anti, alawus ɗin ko kuɗin ɗaki da mota ba zai biya ba. A nan ina kwana gidanmu ina cin tuwon Mma. Ba ƙin arewa ba ne.

Ticha Hawa
Na sani. Amsar da kowane malami da likita yake bayarwa ke nan, kuma kowa da gaskiyarsa.

Alhaji Mai Albasa
Salamu alaikum. Ni ban yi sukuu ba, yarona ne yake karanta min, na ce ya rubuta abin da zan faɗa.

Albasar da muke saukewa a Kwadaso, mafi yawanta daga Nijar take zuwa, ƙasar Galmi. Tumatirin da matan Kumasi suke rububi a kai da rani daga Burkina yake zuwa. Motar tumatirin ta shigo ta Paga, ta wuce Navrongo, ta wuce Bolga, ta bi ta gaban masana'antar tumatir ta Pwalugu da take rufe, ta zo nan. Ku gaya min, Nijar da Burkina sun fi arewacin Ghana ruwan sama ne? Ba su fi ba. Sun dai riƙe ɗan ruwan da suka samu, sun yi noman rani da gaske.

Kudu damina biyu take samu, arewa ɗaya. Daga kaka zuwa faɗuwar ruwa wata shida ko fiye mutum yana zaune ba abin yi. Ba lalaci ba ne, ba ruwa. Abin haushi, ruwan yana zuwa. Kusan duk shekara in Burkina suka buɗe dam ɗinsu na Bagre, sai ya sauko ya cinye gonakin mutane a bakin kogi, ya wuce Akosombo ya zama wuta. Da damina ya kashe ka, da rani ka neme shi ka rasa. Ban da irin su Tono da Vea da Bontanga, wane babban wurin ban ruwa aka yi wa arewa?

Ni na ga zamanin Acheampong da idona, lokacin da aka ce kowa ya ci da kansa, 1972. Shinkafa a fadamun Nasia da Fumbisi har ido ya gaji, tarakta ko'ina, manyan Tamale da shinkafa suka yi kuɗi. Zuarungu akwai masana'antar nama. Daga 1983 da aka shiga tsarin Asusun Lamuni na Duniya, sannu a hankali aka janye tallafin taki, aka buɗe ƙofa, shinkafar waje ta cika tashar jirgin ruwa ta Tema. Hajiya Mai Wake tana nan, ku tambaye ta wace shinkafa masu saye suke so.

Hajiya Mai Wake
Alhaji, ni wake da ta gida nake yi, ta fi riƙe ruwan karan dafi. Amma sai na zauna tsintar tsakuwa. In sun gyara injin casa ba mai neman ta waje.

Alhaji Mai Albasa
To kin ji. Ga kuma koko da kaɗanya. Koko yana da hukumarsa tun 1947. Gwamnati ce take yanka farashi, a yi wa manomi feshi, a yi masa hanya, a ba ɗansa tallafin karatu. Kuma hannun 'yan arewa ne ya share gonakin nan da yawa. Kaɗanya fa? Turawa suna sa ta a cakulan da man shafawa, amma matar da maciji yake sara a daji wajen tsinta, a kwano take sayarwa, farashin da ɗan tsakiya ya ga dama. Ku yi ta gina makarantu, in ba a gyara wannan ba zuba ruwa ne a kwando.

Ɗan Magazin
Duk na ji. Amma ba wanda ya ambaci faɗa. Yaƙin Konkomba da Nanumba na 1994. Kisan Ya Na, sarkin Dagwamba, a Yendi a 2002, aka yi shekara 17 kafin a naɗa sabo a 2019, shi ma sai da Otumfuo da Nayiri da Yagbonwura, sarakunan Ashanti da Mamprusi da Gwanja, suka shiga tsakani. Bawku kuma har yau. Garin da yake babbar kasuwar iyaka, yanzu malamai da ma'aikatan asibiti suna neman hanyar fita. Wane mai kuɗi ne zai kai jarinsa inda ake dokar hana fita? Wannan ma Bature ne?

Ɗan Walewale
Yaya, wannan kam ba mai kare shi. Sai dai ka lura, inda ba masana'anta ba albashi, ƙasa ce kaɗai dukiya, wanda ya riƙe sarauta kuma shi ya riƙe ƙasa. Saurayin da yake da aikin zuwa da safe ba shi da lokacin ɗaukar bindiga. Kuma bindigogin nan ba talaka ne yake saye ba.

Baba Isa Yelwa
Abdul ya yi tambaya ta biyu ba wanda ya amsa masa. Mu a wane layi muke? Mu ne muka fi kowa faɗawa tsakiya. Tallafin karatun 'yan arewa na wanda asalinsa arewacin Ghana ne. Ɗan Zangon da kakansa ya zo daga Katsina ba shi da garin da zai nuna a can. Tallafin koko na mai gona ne, mu ba mu da gona. Sannan aka zo 1969, dokar Busia ta korar baƙi. Ku yara ba ku gani ba. Mutane sun sayar da gidaje a wulaƙance, an cika manyan motoci, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Waɗanda suka rage sun daɗe ba su yarda su zuba dukiya a gini ko a dogon karatun yaro ba, don ba su san gobe ba. Wannan tsoron ya ci mana zuriya guda.

Ɗan Nima
Gaisuwa daga Ankara. Wannan 2.5 ɗin da Abdul ya kawo, ku zo Nima ku nuna min shi. Titi ɗaya ne tsakaninmu da Kanda, ga fadar shugaban ƙasa muna hangowa. Lissafin yanki yana ɓoye unguwa. Ku ma na san Aboabo ba Nhyiaeso ta masu kuɗi ba ce. An kafa Asusun Raya Zango a 2017 har da ma'aikata da minista, 2021 aka rushe ma'aikatar. Abin da ya fi fitowa fili filayen ƙwallo masu ciyawar roba. Yara suna jin daɗinsu, ban ƙi ba.

Abdul Asawase
Kuma sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ɗora wa gwamnati raya yankuna daidai wa daida. A 2019 aka ƙara yankuna suka zama 16. Ban san ko benci ya ƙaru ba.

Magajiya Tafo
Tun ɗazu ina karantawa. An zagi Bature, an zagi gwamnati, an zagi manyan arewa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yaran da Ticha ta ce ana kiran sunansu a ce sun tafi Kumasi, wajen wa suke zuwa? Wajenmu.

Ku fita kasuwar Kejetia da sassafe ku gani. Yarinya ba ta wuce sha uku ba, daro a ka, an ɗora mata buhun da namiji zai yi nishi kafin ya ɗaga, wata da goyo a baya. Ta bi mai kaya har tasha, a kawo ciniki a kan sidi biyu. Da dare su cunkushe a ɗakin katako, kowace da kuɗin kwananta, wanka da kuɗi, ban ɗaki da kuɗi. Abin da ya rage ta ba mai susu, tana tara na kwanuka da atamfa da keken ɗinki. Su waye masu ɗakunan katakon? Wa suke wanke wa tukwane a wajen sayar da abinci tun asuba har isha? Mu da muke kuka ana ce mana 'yan arewa, mu ma a gida muna da sunan da muke kiransu da shi, kuma ba na yabo ba ne. A 2017 an soke musu harajin kasuwa aka yi ta tafi. Ni ban ga abin tafi ba a ce yarinyar da ya kamata tana aji an yafe mata kuɗin tikiti.

Hajiya Mai Wake
Magajiya, ni kike nufi ki faɗa. Yaran da suke wajena ina biyansu, suna ci suna ƙoshi, ba wadda take kwana a waje. In na sallame su gobe aji za su koma? Daro za su ɗauka.

Magajiya Tafo
Ban kama suna ba, Hajiya. Na san kina yi. Amma tunda kin tanka, akwai wata a unguwarmu, Bamamprusa ce, ta rubuta BECE a garinsu ta zo kayaye, wato dako, kafin sakamako ya fito. Kwamfuta ta ba ta makarantar kwana a can arewa. Karatun kyauta ne, amma akwatin ƙarfe da akwatin abinci da katifa da bokiti da kuɗin mota ba kyauta ba ne. Ta ce sai ta ƙara wata uku tana tarawa.

Ticha Hawa
Wata uku ya yi yawa, Mma. In ba ta kai kanta da wuri ba za ta iya rasa gurbin, kuma wadda ta saba da kuɗin hannu ba kasafai take komawa ba. A ciro mata takardar shiga makarantar a intanet, jerin kayan da ake buƙata makarantar za ta bayar. Abdul, wannan aikinka ne.

Abdul Asawase
To Anti. Mma Magajiya, ki turo min lambar jarrabawarta ta gefe, kada a sa a zaure.

Alhaji Mai Albasa
Akwatin ƙarfe da kuɗin mota na ɗauka. Katifa a ɗora wa Ɗan Magazin tunda shi ne mai baki.

Ɗan Magazin
Na ji, Alhaji. Nawa katifar ɗalibai take yanzu a Kejetia?

Magajiya Tafo
Ka je da ƙafarka ka tambaya, kada ka aiki yaro. Kuma mai kauri za ka sayo.